Gwaiduwar Walburga

Ruwan kogin Mosel ya taso ana saura kwana huɗu Kirsimeti. Ya shiga ƙasan gidajen bakin kogi kamar yadda ya saba, ya ruɓar wa wasu da dankali, ya kwashe wa wasu itacen hura wuta. Wannan ba labari ba ne a garin, kowa yana da zane a bangonsa na inda ruwa ya tsaya a shekara kaza. Abin da ya zama labari shi ne, da ruwan ya janye sai aka tarar gaɓar da ke bayan tsohon mashigin kwale-kwale ta zabtare, ta tafi da kututturan wilo bakwai na Walburga. Ko saiwa ɗaya ba ta rage ba.

Wanda bai san Walburga ba zai ce to mene ne, wilo ne fa, itacen da ko sandarsa ka soka a laka sai ta yi toho. Gaskiya ne, kwarin cike yake da shi. Akwai koren nan na daji mai fitowa inda ya ga dama, akwai ja wanda 'yan birni ke dasawa a lambu don kwalliya. Amma nata daban ne. Gwaiduwa ake ce mata, domin idan ganye ya zube sanyi ya kama, tsumagun da ta fitar a shekarar sukan rine su koma launin gwaiduwar ƙwai, har daga tsallaken kogi ana hango su. Mahaifiyar Walburga ce ta zo da ita garin ranar da aka kawo ta amarya, 'yan sanduna a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Can inda aka yanko su kuwa tuni titin mota ya bi ta kai. Irin wannan itace ba a samun sa daga ƙwaya, ka shuka ƙwayar ta ba ka abin da ta ga dama. Sai dai a yanki reshe a dasa, wani ma ya yanka daga jikin wannan. In aka rasa reshen ƙarshe, to an rasa ke nan.

Da gwaiduwa Walburga ke ɗaure kurangar inabi tun tana 'yar shekara goma sha biyu, yanzu ga ta da saba'in da ɗaya. Aikin mata ne a tudun nan na gonakin inabi. Maza su datse kuranga su bar ta da reshe biyu kamar hannaye, mata su bi baya su lanƙwaso hannayen ƙasa su ɗaure a jikin turke, kowace ta fito da siffar zuciya. Ba a yin ƙulli. A zagaya tsumagiya, a murɗa sau uku, a tanƙwashe bakin, ta riƙe har girbi. Sauran wilo kan tsage a murɗi na uku idan da sanyi, amma gwaiduwa ba ta taɓa kunyata ta ba.

Abin da ke cin ta a rai kuwa, ita ta yi wa kanta. Kwana biyu kafin ambaliyar, Alfons, ƙanin marigayi mijinta Ottmar, ya leƙo ta tagar kicin da sassafe.

"Burga, ruwa na zuwa, rediyo ta faɗa. Ɗauko almakashinki mu je mu yi wa 'yan bakwai ɗin nan aski yau."

"Wata yana girma? Ka taɓa ganin an yanki gwaiduwa wata bai fara raguwa ba?"

"Kogin ai bai san da wani wata ba."

"Tsumagiyar da aka yanka wata yana girma ruwa ne a cikinta, ba ta da ƙwari. Uwata ba ta yanka ba, ni ma ba zan yanka ba. Saura kwana tara. Je ka ka ci gaba da sauraron rediyonka."

Ta ja tagar ta rufe. Da ta bi shi a ranar, da yanzu tana da dami arba'in a rumfa, kowace tsumagiya a ciki bishiya ce in an soka ta a ƙasa. Ta san haka sarai, ba ta buƙatar a gaya mata, Alfons kuwa ko da wasa bai taɓa cewa ai na faɗa miki ba. Wannan shirun nasa ma ya fi ƙona mata rai.

Daga nan Walburga ta yi shiru, abin ya tsorata mutane. Matar da ake jin muryarta daga saman tudu tana zagin tsuntsaye, ita ce za ta shiga wajen mai burodi ta ajiye kuɗi ta fita ba ta ce ɓawon ya ƙone ba. Sai maƙwabta suka shiga kawo mata tsumagu, kowa da nasa. Takan karɓa ta yi godiya, ta naɗa ɗaya a yatsa ta murɗa. Ɗaya, biyu, ƙas! Ta ajiye.

Alfons ma ya kawo nasa. Shi kam tun yana yaro idonsa bai raba launi ba, ja da kore da rawaya duk 'yan gida ɗaya ne a wurinsa, har ya taɓa zuwa coci da safa ɗaya ja ɗaya kore yana rantsuwa cewa tare ya saye su. Ya yi tuƙin awa biyu zuwa wani gari, ya dawo da dami a kafaɗa yana washe baki.

"Ga gwaiduwarki, matar yaya. Na samo."

Ta dubi damin, ta dube shi.

"Alfons, wannan ja ne."

"Haba dai!"

"Ja wur. Irin na lambun 'yan birni."

"Mutumin fa ya ce..."

"Mutumin ya ga safarka ne."

Iyakar tsokanar da ta fito daga bakinta ke nan a wata biyu, ita ma ba ta yi dariya ba. 'Yarta Reinhild ta aika gidan masu rainon itatuwa aka kawo wata mai rawaya a tukunya, da takarda a wuya. Launin ya yi kusa, amma reshen gajere ne mai 'ya'ya ta ko'ina, bai kai murɗi na biyu ba. Da Reinhild ta gaji, sai ta ajiye naɗin igiyar roba a kan tebur, irin wadda rabin garin ke ɗauri da ita.

"Mama, inabin ba zai san bambanci ba."

"Hannuna zai sani. Ku ɗaura da abin da kuka ga dama, gonarku ce. Ni dai na gama hawa tudu."

Ba da faɗa ta faɗe ta ba, shi ya sa Reinhild ta ji tsoro. Macen da aka raba da tudu a wannan shekarun, kowa ya san ba ta daɗewa a kujerar bakin taga.

Aka shiga ƙarshen watan Fabrairu, maza sun gama datsa, matan gari sun fara hawa da damin tsumagu a kugu. Ranar wata Alhamis bayan cin abincin rana, Reinhild ta shigo tana cire takalmi.

"Na ga Baffa Alfons ya hau sama da zarto mai inji, da buhun gishiri."

"Gishirin me?"

"Wai yau zai kayar da bishiyar nan ta idon ruwa. Ya ce zai huda kututturen ya ɗura gishiri don kada ta sake fitowa, rassan kuma ya ƙone su a can."

Walburga ta ajiye cokali. Bishiyar idon ruwa tsohuwar rigima ce tsakaninta da Alfons. Can ƙololuwar tudu, inda gonarta ta haɗu da tasa, akwai ɗan idon ruwa da ke tsatsa daga cikin dutse, a bakinsa kuma wani wilo ya girma ya zama ƙatuwar bishiya, baƙa-baƙa, duk kurangar daji ta naɗe ta. Tana yi wa layinta na sama inuwa, tana shanye ɗan ruwan. Shekara da shekaru Walburga na cewa a sare wannan ɗan iskan itace, Alfons na cewa gobe. Bara ne da ta ishe shi ya datse babban reshe ɗaya da ya miƙo ta gefenta, don ya samu ya sha kofi cikin kwanciyar hankali.

"Yau ya ga dama?" in ji ta. "Shekara goma sha nawa ina magana."

"Don ke zai yi, Mama. Wai ko za ki ji daɗi."

"Don ni? Wannan mutumin da bai san gabas ba? A kan turakuna zai kayar da ita, ya karya mini kuranga talatin. Ba ni sandata."

"Ba kin ce kin gama hawa ba?"

"Ba ɗauri zan je ba. Ba ni sandata na ce."

Matakala ɗari biyu da 'yan kai ne daga bayan coci zuwa idon ruwa, na faffaɗan duwatsu baƙaƙe masu santsi. Tun bazarar bara gwiwa ba ta bar ta ta kai ƙarshensu ba, ko lokacin girbi a tsakiya ta tsaya. Ta hau tana hutawa, tana jin ƙarar injin yana tashi yana mutuwa, hayaƙi kuma na miƙewa sama. Duk matakala goma sai ta tsaya ta tanadi maganar da za ta gaya masa.

Da ta zagayo bangon dutse na ƙarshe, maganar ta ɓace mata.

Alfons ya ba ta baya, da abin toshe kunne a kansa. Ya fara da share gindin bishiyar don ya samu wurin tsayawa. Daga dungun reshen da ya datse bara, wasu tsumagu sun fito tsaye, dogaye, sumul, babu ko ɗan reshe a jikinsu, sun fi mutum tsawo. Ya riga ya yanke fiye da rabi ya tara a gefen wuta. Rana ta faɗo a kan waɗanda suka rage, sai ga su rawaya shar, launin da Walburga ta yi wata biyu tana gani in ta rufe ido.

Ya sunkuya ya rungumi tarin, ya nufi wutar.

"Alfons!"

Ina! Kunne a toshe, inji na kuka a ƙasa. Ya watsa rungumar farko a wuta, ya juyo ya ɗauki ta biyu.

"Alfons! Kai, kurma!"

Ba ta san lokacin da ta wurga sandar ba. Ta same shi a tsakiyar baya. Ya zabura ya saki tsumagun, ya juyo yana zare ido, ya cire abin kunnen ya kashe inji.

"Burga! Kashe ni za ki yi? Abin da kika ce a yi ne fa nake yi!"

Ba ta ko dube shi ba. Ta taho da rarrafe da tafiya, ta sa hannu ta janyo abin da za ta iya daga bakin wutar, ta tattake masu hayaƙi. Sannan ta zaɓi ɗaya daga waɗanda suka zube, siririya. Ta kankare ɓawon da farce ta shinshina. Ta duba idanun tohon, ƙanana, a manne da jiki. Ta goge hannunta a jikin siket. Ta naɗa a yatsa ta murɗa. Ɗaya. Biyu. Uku. Ta ƙara na huɗu, wanda ba a yi, ta ƙara na biyar don ta ga iyakar abin. Tsumagiyar ta murɗe kamar igiya, ba ta ce ƙas ba.

Ta zauna daɓas a kan dutsen bakin idon ruwa.

"Lafiya?" in ji Alfons. "Gwiwar ce?"

"Wane launi ne wannan?" Ta ɗaga masa tsumagiyar.

Ya matso ya ƙura ido, yana tsoron amsa. "Kore?"

"Allah ya shirye ka. Gwaiduwa ce."

"Wace gwaiduwa? Wannan ƙatuwar?"

Shi ma bai yi laifi ba da ya tambaya. A garin nan gwaiduwa ɗan guntun kututture ne mai ƙullin kai, iya ƙirjin mutum, a bakin kogi, ana yi masa aski duk shekara. Babu wanda ya taɓa barin ta ta girma, don haka babu wanda ya san kamanninta in ta girma. Launin a sabon reshe kaɗai yake. In reshe ya shekara biyu sai ya dushe, in ya tsufa ya zama toka-toka kamar na kowane itace. Wannan kuwa ba a taɓa sa mata almakashi ba, 'yan tohonta gajeru ne can sama cikin kurangar daji, Walburga kuma ba ta taɓa ɗaga kai ta dube ta ba sai don ta zage ta. Sai da aka ji mata ciwo bara ta fitar da sababbin tsumagu, ganye ya rufe su duk damina, da ganyen ya zube kuma mutum ɗaya ne ke hawowa nan, shi ne mai safa ɗaya ja ɗaya kore.

"To wa ya dasa ta a nan?" Alfons ya tambaya. "Ni na zaci iska ce ta kawo."

Walburga ta dubi lakar da ke gefen ƙafarta. A nan take soka daminta duk ranar ɗauri, gindin a cikin laka, don kada tsumagun su bushe kafin ta kai gare su. Ta daina ne tun da bishiyar ta cinye wurin.

"Yaushe ta fito?"

Alfons ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. 

"Shekarar da yaya ya rasu. Na hawo da bazara na gan ta, 'yar ƙarama, daidai nan inda ya zauna a ranar." Ya yi gyaran murya. "Shi ya sa nake ta ce miki gobe."

Shekara goma sha takwas ke nan. Tana tsakiyar ɗauri a layin sama Ottmar ya ce ƙirjinsa na ciwo, bari ya ɗan zauna a bakin ruwa. A kan tsani aka sauko da gawarsa. Daminta yana nan a soke cikin laka, ba ta sake tunawa da shi ba, matan unguwa ne suka ƙarasa mata ɗaurin shekarar. Ashe da suka zare damin, ɗaya ta maƙale.

"Ni na dasa ta," in ji Walburga. "Ni da kaina. Na kuma yi shekara goma sha takwas ina cewa a sare ta."

Sai kuka ya zo mata, irin wanda ba ta yi ba ranar da kogi ya janye. Ba na baƙin ciki ba ne, wani nauyi ne da ya sauka daga ƙirjinta gaba ɗaya har ta ji iska na shiga inda ta daɗe ba ta shiga ba. Alfons ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗauko mata sandarta, ya zuba kofi a murfin gorarsa ya miƙa mata, ya koma ya ture buhun gishirin da ƙafa zuwa bayan bango kamar ba shi ya kawo ba.

Ta sha kofin, ta share fuska da bakin gyale.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Maganar yayanka."

"Wa ke samun wurin sa baki in kina magana?"

"To yau me ya kai ka?"

"Na ce ko in na kayar da ita za ki sake buɗe baki. Garin ya yi shiru da yawa, Burga. Ko mai burodi ya rame."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Sannan ta miƙe ta zagaya bishiyar tana duba ta. Zarton ya ɗan ci gindin, bai fi faɗin yatsa biyu ba.

"Dubi ɓarnar da ka yi. Wa ya ce ka taɓa ta?"

"Ke!"

"Kai kuma duk abin da aka ce maka sai ka yi? Kawo almakashin nan na aljihunka."

Ya miƙa mata. Ta kama tsumagiya ta farko daga waɗanda suka rage a jikin dungun, mai kauri, irin ta dasawa. Alfons ya ɗaga kai sama. Can bisa tsallaken kogi ga wata nan fari-fari da rana tsaka, rabi, yana cikowa.

"Burga. Watan fa yana girma."

"Ya yi ta girma." Ƙyas, ta yanke. "Riƙe mini nan. Masu kaurin ka ware su gefe, kan a sama, kada ka juya su. Goma bakin kogi, can nesa da gaɓa. Goma bayan gidana. Goma gonarka, goma wajen Reinhild. Duk matar da ta kawo mini tsumagiya a watan nan, ita ma a kai mata biyar."

"Ke da kike hana kowa ko reshe ɗaya?"

"Da ba ni da hankali. Ƙirga da kyau."

Da suka gama, siraran da suka rage ba su da yawa, ba za su ɗaure ko kashi ɗaya cikin goma na gonar ba. Sauran bana sai dai igiyar robar Reinhild, ta san haka, kuma ba ta ji komai ba. Ta tattara siraran ta ɗaure su a kugu da igiyar gyalenta, ta taka zuwa layin sama, wanda ta ce inuwa ta kashe. Ta kama hannun kuranga na dama ta lanƙwaso shi a hankali har ya taɓa turke, ta kamo na hagu.

"Inuwar fa?" in ji Alfons daga bayanta. "Har yanzu tana kan layinki."

"Layi ɗaya ne, ya yi haƙuri."

Ta zare tsumagiya ɗaya, ta zagaya, ta murɗa sau uku, ta tanƙwashe bakin. Ta ja da yatsa ta gani, ya riƙe. Ta matsa zuwa turke na biyu.

"Kashe wutar nan kafin ka ƙone mana tudu," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Kuma ka sauko da gishirinka, ana neman sa a kicin."